Shatar Farar Fijo

Direba na uku ma bai bari Hayatu ya ƙarasa magana ba. Yana jin "Wamakko, zuwa da dawowa," ya yanka masa kuɗin da ko Gusau za a kai mutum sai an yi jayayya, ya juya ya ci gaba da goge gilashinsa. A shekarun nan direbobin tashar Sakkwato ba a iya musu. Kuɗin mai sun shigo ƙasa, kowa shata yake so, wanda jiya yake bin fasinja da roƙo yau sai ka gaishe shi sau biyu kafin ya ɗago kai.

Hayatu ya koma inuwar rumfar mai shayi ya tsaya, babbar rigarsa ta shadda ta jiƙe da gumi a baya. Da kowace mota yake nema, da tuni ya samu. Shi farar Fijo yake so, irin tasa sak, wadda ya sayar bayan ƙaramar salla. Sharar da sojoji suka yi a ma'aikatu ta haɗa da shi. Ranar wata Litinin ya je ofis a matsayin babban akawu, kafin azahar ya fito ba shi da kujera, ba a kuma gaya masa laifinsa ba. A birni kowa ya sani. A Wamakko kuwa ya hana kowa faɗa wa mahaifinsa, Malam Siddiƙu.

Tsohon nan ya sha gori lokacin da ya bar ɗansa ya shiga boko, a zamanin da maƙwabta ke ɓoye nasu 'ya'yan a rumbu. Bai taɓa mayar wa kowa magana ba, sai ranar da farar mota ta tsaya a ƙofar gidansa. Tun daga ranar, duk Juma'a yakan sa a share wurin da za ta tsaya. Yanzu ƙafafunsa sun kumbura, numfashi na yi masa wuya, an yi fama da shi ya je asibiti ya ƙi. Jiya ya aiko cewa ya yarda, amma shi ba ya shiga motar haya, ɗansa ya zo da motarsa ya ɗauke shi.

"Ranka shi daɗe, kai aka cewa kana biɗar hwarar mota?"

Wani gajere ne mai jan goro a haƙora, ya ce sunansa Maigandi. Motarsa na can bayan tasha, Fijo ce fara, ko da yake farin ya sha wahala. Babu rubutun komai a jikinta, abin da ya fi kwantar wa Hayatu da hankali ke nan.

"Rabin abin da sunka ce maka zan amsa," in ji Maigandi. "Amma duk wanda yat tsai da ni bisa hanya, ɗauka nikai."

"Tahiya ka ɗauki wanda kaka so. Dawowa da tsoho muke, ba shi da lahiya."

"Ai dawowa ita ad da mutane, ranka shi daɗe. Kowa birni za shi. In ba haka ba, ka koma wurin waɗancan."

Hayatu ya tuna akwai kuɗin magani a gaba, ga cefanen da Atika matarsa ta daina tambaya don kada ta ba shi kunya. Ya ce ya yarda, da sharaɗi ɗaya: kada a yi maganar kuɗi a cikin mota. Duk wanda ya sauka, a zaga baya a karɓa. Maigandi ya dube shi daga hula har takalmi, ya gane abin da bai tambaya ba, ya ce Allah ya rufa asiri.

Da suka isa Wamakko, sun tarar an share ƙofar gida, an yayyafa ruwa. Maƙwabta biyu suka tallabo Malam Siddiƙu, ya sa farar rigarsa ta salla da rawani kamar mai zuwa ɗaurin aure. Hayatu ya ga yadda wuyan mahaifinsa ya zama siriri a cikin rigar. Tsohon kuwa ba ɗansa yake kallo ba, mutumin da ya buɗe masa ƙofa yake kallo.

"Har direba anka ba ka?"

"Awo, Baba."

"Kun ji ko?" Ya juya wajen maƙwabta, ya ɗaga murya. "Har direba anka ba shi. Allah shi ƙara ɗaukaka."

Suka amsa da amin. Hayatu ma ya amsa.

Ba su yi nisa da gari ba wani mutum mai buhun shinkafa ya ɗaga hannu. Maigandi ya taka birki. Kafin tsohon ya tambaya, Hayatu ya riga shi, ya ce rage wa bayin Allah hanya ake yi, tunda ga wuri. Malam Siddiƙu ya ji daɗi ƙwarai, ya ce haka ake son mai abu, har ya tambayi mutumin ɗan gidan wa ne. Da aka ɗauki na biyu aka cusa shi gaba tare da na farko, tsohon ya yi murmushi kawai. Da na uku ya shigo baya, dole Hayatu ya matsa jikin mahaifinsa, ya ji tsohon ya ja numfashi saboda an danne masa ƙafa. Tsohon ya janye ƙafar da hannu biyu.

Maigandi dai ya cika alkawari. Mai shinkafa ya sauka, suka zaga baya wai sauke buhu, suka daɗe fiye da yadda sauke buhu ke bukata. Hayatu ya dinga jan mahaifinsa da hirar fadama da yadda ruwa ya yi bana, yana magana da sauri kamar mai tsoron shiru.

Wata dattijuwa mai ƙwaryar nono ce ta ɓata komai, kuma ba da nufi ba. Ta shiga ta zauna inda mai shinkafa ya tashi, ana shigowa birni ta ce a sauke ta. Ba ta san da wani zagawa baya ba. Tana zaune ta kwance bakin zanenta ta miƙa wa direba.

"Inna, sauka mu zaga baya."

"Baya mi za ni yi? Ga sule biyunka nan. Kullum haka nika biyanka, Maigandi, yau don ka ɗauko masu manyan riguna za ka ƙara mani?"

"Sule ukku na, Inna, mai ya yi tsa..." Ya kama bakinsa, amma magana ta riga ta fita.

Ta ajiye masa kuɗin a cinya, ta ɗauki ƙwaryarta ta sauka tana mita. Hayatu ya kasa juyawa. Ta gefen ido ya ga mahaifinsa ya mai da fuska waje, yana kallon sababbin gine-ginen da ake ta yi a bakin titi, kamar su ya zo gani. Ya so tsohon ya yi faɗa, ko ya tambaye shi, ko ma ya zage shi. Baƙin cikin da bai ji ba ranar da aka kore shi, yau ya ji shi duka. Ya buɗe baki ya ce, "Baba," sai tsohon ya ɗora hannu a gwiwarsa ya ɗan danna, bai juyo ba. Hannun na nan har ƙofar asibiti.

Sauran fasinjoji suka watse. Maigandi ya zagayo ya buɗe ƙofa, kansa a ƙasa. Suka taru suka fito da Malam Siddiƙu, ya jingina da motar yana haki. Hayatu ya miƙa kafaɗa don ya dafa, tsohon ya ce a dakata. Ya sa hannu cikin aljihun rigarsa ta ciki, ya daɗe yana lalube, ya fito da wani ƙullin tsumma. Ya kwance shi, ya tsinci sulalla ya miƙa wa direba.

Maigandi ya ja da baya, ya dubi Hayatu. "Haba Baba, ai an..."

"Amshi, haƙƙinka na," in ji tsohon. Ya kama hannun Maigandi ya zuba masa, ya rufe masa yatsu a kai. "Na mutum biyu na. Ni da yarona."

Sannan ya dafa kafaɗar Hayatu, ya sakar masa nauyinsa duka, suka nufi ƙofa.