Arzika Goma Sha Ɗaya a Sifawa

Mijinyawa da Maniru 'yan Boɗinga ne, kuma su kaɗai suka iya rubuta wa kwamfuta umarni a ofishin rabon takin zamani. Mijinyawa ya riga Maniru zuwa da shekara biyu, amma sunan Maniru ne kullum a bakin Manaja. Wannan abu na cin Mijinyawa. Ko gaisuwar Maniru in ya amsa, sai ka ce haƙori ake cire masa.

A shekarar alif ɗari tara da tamanin da uku, da aka shiga tsuke bakin aljihu, takarda ta zo cewa mutum ɗaya za a bari a ɗakin kwamfuta.

Ka'idarsu ita ce ba a huda katin umarni a ba na'ura sai ɗan'uwa ya karanta abin da ka rubuta layi-layi. Ranar wata Talata Maniru ya ajiye wa Mijinyawa aikinsa na jera manoman Boɗinga da Shagari. A shafi na huɗu Mijinyawa ya ga ɓarakar. Maniru, don ya kama masu shiga layi sau biyu, ya umarci na'ura ta goge duk sunan da ya maimaitu a gari ɗaya, ta bar guda ɗaya tak. To, manomi sunansa da na garinsu kawai yake bayarwa. Masu suna Arzika a Sifawa kaɗai, Mijinyawa ya san goma sha ɗaya, har da yayansa da ke noma a can.

Ya ɗaga biro, ya riƙe shi a sama. Wani daɗi mara kyau ya ratsa shi. Ya mayar da takardun ya ce komai daidai, har da murmushi.

Motocin taki suka fita. Kafin sati biyu, ƙorafi ya taso daga Dingyaɗi har Dandin Mahe. Manaja ya kira su, ya tambayi wanda ya karanta aikin. Kafin Mijinyawa ya buɗe baki, Maniru ya riga shi magana.

"Laihina na, ranka shi daɗe. Mijinyawa ya hi ni ido. Da ya gani, da ya hwaɗa mini."

Haka aka sallami Maniru, ya tafi yana neman gafarar kowa. Kujera ta zama ta Mijinyawa.

Ranar Asabar ya hau babur zuwa Sifawa, yana gaya wa kansa ai Arzika ɗaya na'ura ta bari, ƙila yayansa ne. Ya same shi a gona. Geron bai kai gwiwa ba, ganyen ya yi ɗorawa, na maƙwabci kuwa ya kusa kafaɗa.

Arzika ya jingina da hauya, ya yi masa murnar tsira da aiki, sannan ya ce an gaya musu yaron nan Maniru ne ya yi kuskure, kuma shi ya yafe masa.

"Na ce ma mutane, ƙanena ba ya wurin, shi ya sa. Ko kana wurin, Mijinyawa?"

Mijinyawa ya sunkuya yana cire ciyawa a gindin geron.