Mutanen Cikin Inna

Aikina ba na faɗa a gidan biki ba ne. Shekara goma sha ɗaya ina karɓar bayan gidan mutane a ɗakin gwaje-gwaje na jami'a, in ɗiba a 'yan kwalabe, in manna lamba, in jera a firiza. Wanda ya tambaye ni sai in ce ina aikin bincike, in yi maza in tambaye shi lafiyar yara.

Binciken na Farfesa ne. Yana kwatanta hanjin mutanen ƙauye da na birni, yana ƙirga ire-iren ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zaune a ciki, waɗanda ke taya mu narka abinci da kare jiki. Dokar aikin biyu ce. Ba a rubuta suna a kwalba, sai lamba da kwanan wata. Kuma ma'aikaci ba ya taɓa samfurin wani danginsa.

Shekara biyar da suka wuce na ɗauko Inna daga ƙauye, bayan rasuwar Baba. Washegari na lallaɓa ta ta ba da nata. Ta yi ta dariya har da hawaye.

"Ni da na sayar da awakina kika yi boko," ta ce, "ashe abin da kike nema a wurina ke nan?"

Dogo, abokin aikina, shi ya karɓa ya sa lamba. Ni ban ma kalli ledar ba, kunya ta ishe ni.

Cikin Inna mai surutu ne. In ta ci ta ƙoshi ta miƙe ƙafa a tabarma, sai ka ji yana ƙugi daga kicin. 'Yata, lokacin tana shekara uku, takan kwanta ta ɗora kunne a kai.

"Kaka, wa ke magana?"

"Mutanena ne, ƙawata. Hira suke. Wancan mai babbar muryar shi ne mai unguwarsu."

Ni kuwa ina tsaye da tsumma da ruwan bilic na kashe ƙwayoyin cuta. Gidana hawa na huɗu ne, tayil har bango, kuma ina alfahari da shi. Na hana Inna ba yarinya abinci da hannu. Na kwashe busassun ganyayen da ta zo da su a ƙullin zani na zuba a shara, na ce ƙura ce. Ƙasar da ta cika tsohon bokiti da ita a baranda don ta shuka wake, na sa aka sauke. Na koya mata farin burodi da taliya da abincin gwangwani, don su ne masu saurin dahuwa kafin in fita. In ta yi tari sau biyu, sai in tsaya a kemis in sayo kafso. Ni ce fa mai aikin ƙwayoyin cuta, wa zai gaya mini?

Wata rana ina shirin fita ta ce, "Ke, cikina ya yi shiru."

"To ai lafiya ke nan, Inna."

"Sun tafi," ta ce. "Ba su saba da nan ba."

Na yi dariya na ɗauki jakata. Shekara biyu ta yi a gidana, ta rasu da ciwon zuciya. Ita kuma 'yata, yau shekararta takwas, mun zama 'yan gida a asibiti: kumburin ciki, ƙaiƙayin fata, wannan ta ci ya tayar mata, wancan ta ci ya tayar mata.

Ranar Litinin da safe Farfesa ya tara mu don rufe binciken. Ya haska hotuna biyu a bango. Na farko cike yake da launuka, kowane launi jinsin bakteriya guda. Na biyu launi huɗu ne ko biyar, sauran wurin fili.

"Mace ɗaya ce," ya ce. "Lamba sittin da uku. Wannan da ta iso birni, wannan bayan wata goma sha takwas. Ban taɓa ganin mai arzikin hanji kamarta ba, ban kuma ga wanda ya yi asara da sauri haka ba. Ba zan ce shi ya jawo wata cuta ba, amma ku duba."

Na duba, amma kwanan watan na duba. Na farko, washegarin ranar da na iso da Inna daga ƙauye. Na biyu, satin da na kai ta aka yi mata tabarau, muka biya ta wurin aikina ta sake ba da nata. Na juya wajen Dogo. Ya sunkuyar da kai yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

Farfesa ya ƙara da cewa izinin ajiyar samfurin na shekara biyar ne, ya cika. Ranar Juma'a a kwashe komai a zuba a tukunyar tururi, wadda ke kashe duk wani mai rai, a kashe firizar. Aikina ne.

Na bi shi ofis.

"Ranka ya daɗe, sittin da uku ɗin nan, a bar ta mana."

"Wadda ta ba da izini shekara biyar ta sa wa hannu. Sai dai a koma a tambaye ta."

"Ba za a same ta ba."

Ya cire tabarau ya dube ni. Bai tambaye ni yadda na sani ba.

"To, ba za a iya dasa wa yaro mara lafiya ƙwayoyin ba?" na ce. "Na ji ana yi."

"Ana yi, ga wasu cututtuka, da samfurin da aka tace aka tabbatar. Wannan ba a tace shi don haka ba. Kin fi kowa sani. Kada ki yi abin da za ki zo kina kuka."

Kwana uku ina aiki kusa da firizar nan. Shekara goma sha ɗaya ina jin ƙararta ban taɓa saurare ba. Yanzu in injin ya tashi sai in ji ƙugi, ya yi ƙasa, ya yi sama, kamar na wanda ya ci ya ƙoshi. Sau biyu na waiwaya da "Na'am" a bakina. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba. Mun binne Inna, mun raba kayanta, ashe akwai abin da ya saura nata da rai, yana barci a aljihun firiza na uku, taku biyar daga kujerata.

Ranar Juma'a na sa safar hannu na fara kwashewa. Da na zo kan kwalbar Inna ta farko sai na zura ta a aljihun rigar aiki. Ba ta kai ɗan yatsana ba. Na ci gaba da aiki ina lissafi: firijin gidana ba ya kai rabin wannan sanyin, kuma wuta na ɗaukewa. In na kai ta gida, in yi me da ita? In ajiye kusa da madarar yarinya?

Da azahar na sa hannu a aljihu. Ƙanƙarar ta narke. Ɗumin jikina ne ya narkar da ita, kwalbar har ta yi gumi. Dogo yana bakin tukunya yana riƙe da murfi.

"Ta riga ta lalace, ko?" na ce.

"Da wuya a sake samun su yadda suke."

Na ɗora ta a kan sauran da hannuna. Ya rufe, ya murɗa. Minti arba'in. Sannan na zare wayar firizar daga bango, ɗakin ya yi tsit.

A hanya na tsaya na sayi ganye da wake, da ƙaramin buhun ƙasa a wurin mai sayar da furanni, na hau da su hawa huɗu ina haki. Na zube a kan tabarma ko takalmi ban cire ba. 'Yata ta zo tana sosa hannu, ta kwanta a jikina, ta ɗora kunne a cikina yadda take yi wa kakarta. Na riƙe numfashi.

Ta daɗe tana saurare. Sannan ta ɗago.

"Mama, ke naki babu kowa."