Ranar da Aka Janye Ruwa

Moira Tunstall na tsaye a kan gadar ƙofar da ke tare ruwa a hanyar jiragen ruwa da aka haƙa, shayi ya huce a hannunta, lokacin da ma'aikata suka buɗe mafita ruwan ya fara tafiya. An turo su gyaran bangon hanyar ruwan da ya tsage a ƙasan garin Middlewich, kuma bango ba ya gyaruwa sai an kwashe duk ruwan da ke tsakanin wannan ƙofa da ta gaba. Siririn jirginta na ruwa, wanda shi ne gidanta, na ɗaure can sama da ƙofar inda ruwa ke cike, hayaƙi na tashi daga bututun murhu.

A tsakanin ƙofofin nan biyu ne mijinta Clive ya ɓata, hunturu biyu da suka wuce. Ya fita da la'asar ya ce zai leƙa mashaya, ya sha kofin giya ɗaya, ya yi sallama da mutane, daga nan ba wanda ya sake ganinsa. Masu nutso sun shiga sun fito, suka ce laka ta yi zurfi, ba a ganin ko tafin hannu. Kowa ya tafi a kan cewa santsin ƙanƙara ne ya kwashe shi a turbar bakin ruwa.

Tun daga lokacin Moira ba ta yi nisa ba. Doka ba ta barin jirgi ya daɗe wuri ɗaya, sai Moira ta riƙa hawa ta sauko, ta sauko ta hau. Duk sanda ta zo wucewa ta wurin, takan rage inji ta sunkuya ta ba shi labari: famfon wanka ya lalace, 'yarsu Bryony ta haihu, yaron ya ɗauko kunnuwansa. Wata safiyar takan ji jirgin ya ɗan karkata, irin karkatar da yake yi in mutum mai nauyi ya tako daga tudu. Ba ta juyawa. Takan bari sai ya daidaita, sannan ta ci gaba da abin da take yi.

Neville, dattijon da ke yawo da jirgin kwal yana sayar wa mazauna ruwa, ya hawo gadar yana ɗingishi. Ya leƙa kofinta ya ce wannan ai ko agwagwa ba za ta sha ba. Ta ce ya tafi ya wanke fuskarsa tukuna kafin ya raina shayin mutane. Ya tambaya ko Bryony ta san yau ce ranar, ta ce ba ta gaya mata ba. Yarinya na shayarwa, ga shi kullum maganarta ɗaya, a sayar da jirgi a koma gidan bene.

Ruwa ya yi ta ja da baya, bango baƙi na fitowa, wari na tasowa. Kekuna suka fara bayyana, sai tayoyi, sai keken sayayya na kanti, sai wata kujera a zaune daram kamar an ajiye wa baƙo. Wasu ma'aikata sanye da dogayen takalman roba suka shiga da koma suna kwashe kifi zuwa bokitai. Bayansu wata 'yar sanda mai suna Hollis, wadda ta riƙe maganar Clive tun farko, ta jera mutanenta da sanduna, suna taku suna soka laka daga bango zuwa bango.

Wajen tsakar rana ɗaya daga cikinsu ya tsaya ya ɗaga hannu. Moira ta matso bakin gadar, Neville ya riƙe mata gwiwar hannu. Mutumin ya durƙusa ya yi ta tono, ya jawo wani abu mai tsawo ya ɗauraye. Tsohuwar darduma ce a naɗe. Suka warware ta, ba komai ciki sai laka.

Rana ta karkata kafin Hollis ta hawo, laka har ƙugu. Ta ce sun bi ko'ina sau biyu, har ƙarƙashin ƙofofin. Moira ta tambaya ko ruwa ya tafi da shi gaba. Hollis ta girgiza kai: wannan ruwa ba ya gudu, kuma ƙofofi a rufe suke duk makon da abin ya faru, saboda ƙanƙara.

"Ba ya nan, Misis Tunstall," in ji ta a hankali. "Ina ganin bai taɓa shiga ba. Wataƙila labari mai daɗi ne, ƙila yana raye."

Moira ta yi mata godiya. Ta tsaya tana kallon ramin, wurin da ta saba rage inji. Gwangwanaye ne kawai a wurin, da rabin tukunyar fure.

Neville ya ce ƙila wani wuri ya faɗa, can gaba. Ta ce Clive ya san turbar nan kamar yunwar cikinsa, kuma daga mashaya zuwa jirgi ba wani ruwa sai wannan.

"To da wa nake magana duk wannan lokaci, Neville?"

Ya cire hularsa ya dube ta ya mayar.

Ta koma jirgi, ta ƙara kwal a murhu, ta tayar da inji. Jirgin ya fi faɗin hanyar tsawo, sai da Neville ya bi ta da ƙafa har mafaɗaɗar da ake juyawa, ya tokare goshin jirgin da dogon sanda, ita kuma tana danna sandar tuƙi har ya juyo. Yana haki ya tambaye ta inda zai riƙa kai mata kwal. Ta ce za ta samu a hanya.

Ya naɗe igiya ya jefa mata a rufin jirgi, ya daɗe yana goge hannu a wando.

"In wani ya zo yana tambayarki fa? Me zan ce masa?"

Jirgin ya riga ya bar bango. Moira ba ta waiwayo ba sai da tazara ta buɗe tsakaninsu.

"Ka ce masa na yi arewa. Kada ka faɗi gari," ta ce. "Shi ma ya nema."