Jikan Jan Hannu

Malami ya sauka daga kabu-kabu a ƙofar gidan gem na Nataniyel da ke Tudun Wada, zaren ɗinki na maƙale a hannun rigarsa. Keken ɗinkin ma bai rufe ba da ya fito daga shago. Ɗansa ne ya kira shi, ya ce ya zo da wayarsa kafin la'asar, in ba haka ba komai ya lalace.

Shekara biyu yana wucewa ta gaban gidan gem ɗin bai taɓa shiga ba. A ganinsa duk inda samari suka taru gaban talabijin suna ihu, caca ba ta nesa. Ya yi sallama ya ɗaga labule. Ɗan nasa na zaune a benci, riƙe da abin danna wasan.

"Abba, lafiya?"

Abba yake ce masa. Sunan yankan yaron Sa'ad, sunan mahaifin Malami ke nan, kuma shekara goma sha bakwai bakinsa bai taɓa kama shi ba.

"Lafiya lau, Baba. Nataniyel zai yi maka bayani."

Nataniyel ya jawo masa kujerar roba ya goge ta da hannu. "Malam, ɗanka ya ci gasar ƙwallon gem ta Sakkwato, cikin mutum sittin da huɗu. Asabar za shi Kano wasan ƙarshe. Ƙarfe huɗu ake rufe rajista, kuma sunan da ke cikin na'ura shi za a sa a babban allo, shi mai sharhi zai riƙa kira."

"Ba caca ciki?"

"Ko kaɗan. Kofi ne da takardar shaida."

Malami ya dubi talabijin. A saman allon akwai wasu kalmomin Turanci biyu da lambobi a wutsiyarsu. "Wanga mi ne ne?"

"Sunana ne a wasa," in ji Abba, kansa a ƙasa. "Na'urar ce ta ba ni da kanta ranar da na fara. Ina son in canza in sa nawa. Rajistar da lambar wayarka aka yi, sai an turo maka saƙo sannan za ta yarda."

"To, sa naka mana."

Abba ya rubuta sunansa. Kafin ya ɗaga yatsa, lambobi huɗu suka fito suka manne a bayan sunan: 4417.

Malami ya matso da kujerarsa. "Wa ya sa wannan?"

"Ita ta sa," in ji Nataniyel. "In wani ya riga ka ɗaukar suna, ko a wace ƙasa yake, ba ta hana ka, amma sai ta ƙara maka lamba don a bambanta ku. Yanzu nuna mana kawai ta yi. Sai an danna amincewa yake zama."

"Kada ka danna." Muryar Malami ta yi ƙasa. Sunan mahaifinsa ne a kan allon, sunan da ko a mafarki bai iya kira, an liƙa masa lamba kamar bayan keke napep. "Ba da wannan za ka Kano ba."

Suka gwada da Sakkwato a gaban sunan, lamba ta fito. Suka gwada da Malami, wata lambar ta fito.

"Wato akwai wani mai sunanka, ubansa Malami?"

"Haka take nufi, Baba."

"Ni dai ɗaya na haifa."

Nataniyel ya tuntsire da dariya. "Malam, ai ba kai kaɗai ne Malami ba. A layin nan ma akwai uku, ɗaya yana gyaran fanka."

Agogon bango ya nuna uku da rabi ta wuce. Abba ya fara gumi. Ya ce ko a saka sifili a madadin wani harafi, haka abokansa suke yi. Malami ya ce sifili ma lamba ce. Abba ya ce ko a bar tsohon sunan Turancin. Malami ya tambayi ma'anarsa, da aka ce masa wai wani irin kifi ne mai fushi, sai ya kau da kai.

"Dabarar ɗaya ce," in ji Nataniyel. "Sunan da babu wanda ya taɓa sa shi. Kuma kada ya wuce harafi goma sha biyu. Ba ku da wani laƙabi na gida?"

Abba ya girgiza kai. Malami yana kallon tafin hannunsa.

Akwai laƙabi. Mahaifinsa majemi ne a Dundaye, yana jeme fatar akuya da bagaruwa, ya rina ta ja da karan dafi. Rinin ya kama hannuwansa har gwiwar hannu, sabulu bai taɓa fitar da shi ba, har aka kai shi kabari. Garin duka da hannun suke kiransa. A firamare yara kan toshe hanci in Malami ya shigo aji, wai yana warin jima, su rera sunan da waƙa. Shi ya sa ya gudu daga majema ya koyi ɗinki, ya dawo Minanata da zama, ya ce wa ɗansa kakansa manomi ne. Bai yi ƙarya ba, tsohon yana noman gero da damina. Bai dai faɗi sauran ba.

"Saura minti goma sha biyu," in ji Nataniyel.

"Abba, rubuta." Malami ya gyara murya. "Jan Hannu."

Yaron ya juyo. "Wane ne shi?"

"Mai sunanka. Fatar da ya rina, dillalai daga Kano suke zuwa har gida su jira ta bushe. In ya ce ba ta yi ba, ko sun roƙe shi ba ya sayarwa. Rubuta, sauran na gaya maka a hanya."

Abba ya danna haruffan ɗaya bayan ɗaya. Wani ɗan da'ira ya yi ta juyawa a allon, sabis ya ja kamar ba zai dawo ba. Malami ya riƙe bakin kujera. Sai sunan ya tsaya shi kaɗai, babu komai a bayansa.

Wayar ta yi ƙara a aljihu. Malami ya ƙi miƙa ta. Ya sa tabarau, ya karanto lambobin saƙon da kansa, a hankali, yaron yana shigarwa. Nataniyel ya tura rajistar saura minti huɗu.

"Shi ke nan, Malam. Ranar Asabar duk ƙwallon da ya ci, sunan nan za a kira a lasifika."

Malami ya miƙe ya kakkaɓe zaren da ke hannun rigarsa. Har ya kai bakin labule, sai ya tsaya.

"Nataniyel, in wani ya taho bayanmu yana son sunan nan fa?"

"Za ta ba shi. Amma shi za a liƙa wa lamba."

Malami ya gyaɗa kai. Ya sake duban allon, ya daɗe yana dubansa.

"Motar Kano ƙarfe nawa take tashi?"

"Shida na safe, Baba. Ni da Nataniyel za mu."

"Ku kama kujera uku," in ji Malami, ya fita neman kabu-kabu.