Takardar da Baba Bai Gyara Ba

Da Malam ya warware takardar, sai ta rabe biyu a wurin ninkin. Ya haɗa ɓangarorin a kan gwiwarsa, ya gyara tabarau, ya fara karanta wa 'ya'yan mamacin da suka cika falo. Mai ɗinki tana tsaye a bakin ƙofa, inda matan 'ya'ya suka taru.

Wasiyyar surukinta ce, ya rubuta ta shekara goma sha tara da suka wuce. Littattafansa a kai masallaci, kekensa a bai wa maƙwabcinsa, gida kuma a raba wa 'ya'yansa biyar yadda shari'a ta ce.

A lokacin mijinta yana cikin biyar ɗin. Yanzu shekararsa shida a kabari. Ya riga mahaifinsa tafiya, ya bar ta da 'yan mata biyu a ɗakin da ke kusa da famfo.

"Wane keke?" in ji Auta, ƙanin mijinta. "Wanda aka sayar tun ina firamare? Maƙwabcin ma ai ya daɗe da rasuwa."

Aka yi 'yar dariya, aka haɗiye.

"Malam, yarana fa?" Muryar mai ɗinki ta fito siririya.

Malam ya cire tabarau. "'Yata, wanda ya riga ubansa rasuwa ba ya gadonsa. Jikoki kuma ba sa gadon kaka in baffanninsu na raye. Amma da ya yi musu wasiyya, har kashi ɗaya cikin uku ya halatta. Akwai wata takardar?"

Babu.

* * *

Ba wai ba ta taɓa tuna masa ba. Sau uku ta yi, duk lokacin kai masa ruwan shan magani ne.

"Baba, maganar takardar nan."

"Ke dai kin ƙosa in mutu! Ina zaune lafiya lau kina auna min likkafani?" Sai ya jawo jikokin jikinsa. "Ɗakin da kuke ciki na matana ne, waɗannan munanan. Kowa ya sani."

A na ukun har biro da farar takarda ta saya. Washegari ta tarar ya ƙunshe ƙwayoyin hawan jininsa a ciki. Daga nan ta ja bakinta, kada a ce matar ɗa ta sa ido a kan gida.

* * *

Bayan sati biyu da zaman falo, babban wan mijinta ya shigo da dillali.

"Ba korarki muke yi ba, matar ƙanina. Gidan ne ba ya rabuwa sai an sayar."

"Yaya, da kunnenku kuka ji abin da Baba yake faɗa."

"Mun ji. Baba ai ya faɗi abubuwa da yawa. Har cewa ya yi ya daina shan sukari." Ya kau da kai. "In ni na yafe, sauran fa? Kowa da nasa kukan."

Ta ɗaga ƙafa daga kan keken ɗinki, ta janye shi gefe don dillali ya samu hanya.

Dillali ya zaro tef ɗin awo, ya duba wanda zai riƙe masa bakin. Babbar 'yarta, mai shekara tara, ta taso da gudu ta karɓa. Ta durƙusa ta danna shi a kusurwar da katifarsu take, ta ɗago kai ta dubi wan mahaifinta.

"Baffa, haka? Na riƙe daidai?"