Gawar da Baba Ya Manta a Dandali

Babana bai taɓa kallon wasan kwaikwayo a dandali ba, amma ya karanta rubutattu sun fi kwali biyu. A cewarsa kallo na malalata ne, mai ilimi karantawa yake yi. Da ya yi ritaya daga koyarwa sai ya zauna ya rubuta nasa, kuma duk unguwarmu mutum ɗaya yake so ya burge, wato Mama. Ranar da ya karanta mata, daidai inda maigidan cikin wasan yake faɗuwa ya mutu, ya ɗago kai ya tarar har ta fara minshari. Abin ya ci masa rai ba kaɗan ba, ya rantse sai ta gani da idonta.

Ya tattaro 'yan wasa: tela, mai kemis, da wani direban tasi da ake kira Gajere. Maigidan kuma shi da kansa. Atisaye fa? A falonmu, kowa a kujera da takardarsa, ana karantawa kamar 'yan jarrabawa. Na ce masa su tashi tsaye ko sau ɗaya ne, ya ce in rufe masa baki. Ya kafa doka, abin da ba ya cikin rubutu kada wanda ya kuskura ya yi.

Ranar wasan ɗakin taron makaranta ya cika. Baba ya fito, ya yi jawabinsa, ya dafe ƙirji, ya zube. Kai, faɗuwar ta yi kyau! Sai a lokacin kowa ya lura bai rubuta inda za a fitar da gawa ba. A takarda mutum yana mutuwa sai ka juya shafi, shi ke nan. A nan kuwa ga Baba shimfiɗe tsakiyar dandali, ɗakin ba labule, kuma saura kashi uku na wasan.

Gajere ya sunkuya zai ja shi, gawa ta yi masa raɗa cewa ba a rubuta ba. Haka aka ci gaba. Aka yi rabon gado a kansa, tela na tsallake shi kamar kwata. Aka yi fitowar kasuwa, mai kemis ya taka masa yatsa. Ƙuda ya sauka a hancinsa. Jama'a har da masu faɗowa daga benci don dariya, ni kuwa kunya kamar in nutse.

Na juya in ce wa Mama mu sulale, sai na ga ba dariya take ba. Ta ƙura masa ido, hawaye na zuba. Kafin in riƙe ta ta miƙe, ta hau dandalin, ta ture tela gefe, ta kore ƙudan, ta cire mayafinta ta rufa masa.

"Tashi mu je gida," in ji ta. "Ka kwanta nan ana tsallake ka, ni ina zaune ina kallo? Da kake karanta min ai ba haka abin yake ba."

Na ɗauka zai ce ba a rubuta ba. Sai gawa ta tashi zaune, ta karkaɗe riga, ta bi ta a baya.

A gida Mama ta miƙa masa biro ta ce ya goge mutuwar nan. Baba, wanda ko waƙafi ba ya yarda a taɓa masa, ya ja layi a kan shafin gaba ɗaya, bakinsa har kunne. Ya tambaye ta ko ya karanta mata sauran. Ta ce kada ya soma.