Ranar da Aka Ɗaga Dutsen Sajan

Wai kallon kifi yana saukar da hawan jini. Duk wanda ya fara faɗin haka bai taɓa zama a falon Kyaftin ba.

Kyaftin tsohon matuƙin jirgin ruwa ne. Da ya yi ritaya sai ya ɗebo teku ya kawo gida, in ji matarsa Malama, wadda ita ma ta ajiye alli bayan ta daɗe tana shugabancin makaranta. Akwatin gilashi ne mai tsawon doguwar kujera, cike da ruwan gishiri da duwatsu masu ramuka, ga fitila shuɗiya a sama. Kifayen ciki ado ne kawai a wurinsa. Abin da ya ba ransa shi ne murjanin, mai rai, mai rassa kamar ƙahon barewa. Ya samo shi ɗan guntu, bai kai ɗan yatsa ba, ya yi ta renonsa shekara da shekaru har ya yi rassa ya haɗe manyan duwatsu biyu na tsakiya kamar gada. Ko jikoki ba sa matsowa kusa da gilashin sai sun maida hannu baya.

Sai ga Sajan. Ɗan kifi ne shuɗi, bai fi babban yatsa ba. Su biyu aka sayo iri ɗaya, ɗayan ba ruwansa da kowa. Shi ma Sajan da farko lafiya lau, kwatsam ya birkice. Ya kama ramin da ke ƙarƙashin dutsen dama ya maida shi barikinsa, duk kifin da ya gitta sai ya fito kamar harsashi ya yage masa wutsiya. Wata safiya aka tarar da wani kifi mai ruwan ɗorawa kwance a kan yashi, ya mutu. Bayan 'yan kwanaki Malama tana shara ta ji abu ƙarƙashin tsintsiya: wani kifi ne mai zane-zane, ya yi tsalle ya faɗo bayan kujera, ya bushe ƙamas. Ta daɗe a tsaye riƙe da tsintsiyar. Ba ta taɓa zaton kifi zai gwammace kafet a kan ruwa ba.

Kyaftin ya zura koma. Kafin ragar ta jiƙe Sajan ya shige rami. Ya sa kwalba da abinci a ciki, kowane kifi ya shiga ya ci ya fita, ban da wanda ake nema. Aka ce masa ya jingina madubi, wai zai fito faɗa da kansa. Ya fito kuwa, ya kai wa madubin cizo, ya koma kafin a ɗaga hannu.

"Kai da ka tuƙa jirgi cikin guguwa," in ji Malama, "ga shi ɗan abin da bai cika cokali ba ya hana ka cin abinci."

"Ki bar ni, Malama. Ki bar ni da abin da ke damuna."

A ƙarshe ya kira mai shagon da yake sayen kifi a wurinsa. Mutumin ya zo da bokitai da tiyo, ya durƙusa ya leƙa ramin, ya miƙe yana karkaɗe gwiwa.

"Baba, irin wannan ba a kama shi da wayo. Kowa ya sani, sai an kwashe duwatsun."

"Kowa wa?" in ji Malama.

"Mama, haka ake yi."

"Na ji haka ake yi. Me ya sa da can ba ya cizo, yanzu yake yi?"

"Halinsu ne. Suna girma suna mugunta."

Malama ba ta gamsu ba. Ta sha jin wannan magana a kan yaran makaranta, kuma ba kasafai take zama gaskiya ba.

Kyaftin bai ji su ba ma. Idonsa yana kan gadar murjanin. In za a ɗaga dutsen dama, dole ta karye, babu wata hanya.

"Ba za a iya ɗaga su biyun tare ba?"

"Sun yi nauyi, Baba. In suka kuɓuce gilashin ne zai tafi, ruwan nan duk ya dawo falo."

Aka naɗe kafet, aka shimfiɗa tsofaffin tawul. Aka zuƙe ruwa ya sauka rabi, ɗakin ya ɗauki ƙarnin teku. Ƙananan duwatsun gefe suka koma bokitai ɗaya bayan ɗaya, ruwan ya gurɓace, sauran kifayen suka takure a lungu guda suna haki. Mai shago ya naɗe hannun riga zai kama dutsen dama, Kyaftin ya riƙe masa hannu.

"Ni zan yi."

Malama ta so ta ce ya dakata. Ta buɗe baki ke nan ya riga ya zura hannuwa biyu har gwiwar hannu, ya rufe ido, ya ja.

Ƙarar ba ta fi ta karyewar alli ba. Amma Malama ta ji ta har cikin haƙoranta. Gadar ta rabu, rassa suka zube kan yashi, cikinsu fari fat kamar ƙashi. Ta dafe ƙirji. Ta ga ƙwalla a idon mijinta, abin da ba ta gani ba ko ranar da aka yi masa aikin zuciya.

Sannan abin da ba wanda ya zata ya faru. Sajan, da aka yi makonni ana fako, bai gudu ba. Ya biyo dutsen. Yana cizon yatsun Kyaftin, yana cizon wuyan hannunsa, dutse na tasowa yana tasowa, har bayan kifin ya fito sarari. Da dutsen ya bar ruwa sai ya yi tsalle ya bi shi, ya faɗo, ya sake yi. Mai shago ya miƙa koma kawai, kifin ya faɗa ciki da kansa.

"To, an kama ɗan banza," in ji shi. Ya tsaya yana kallon komar. "Ban taɓa ganin sun yi haka ba."

Malama ba komar take kallo ba. Dutsen da ke ɗiga a hannun mijinta take kallo. Ta gyara tabarau ta sunkuya.

"Kyaftin, juya shi."

A ƙasan dutsen akwai wani faci kamar faɗin tafin jariri, ɗige-ɗige a jere a manne, suna ƙyalli. Ta ƙara matsowa. Cikin kowane ɗigo akwai baƙaƙen tabo biyu ƙanana. Sai da ta ɗan jima kafin ta gane idanu ne.

"Innalillahi," ta ce a hankali. "Ƙwai ne. Suna kallonmu."

Mai shago ya leƙo, ya kama baki. "Ashe ɗayan mace ce. Namijin ne ke gadi, Mama, na san da wannan, wallahi na sani. Bai dai zo min a rai ba."

Ruwa yana bin gwiwar hannun Kyaftin yana sauka kan silifas ɗinsa. Ya dubi farin karayar murjanin, ya dubi ƙwan, ya dubi kifin da ke ta bugun raga. Fuskarsa ta yi kamar ta wanda aka tashe shi daga barci da mari.

"Na karya shi," ya ce. "Da hannuna."

"Ka karya. Maida dutsen, za su bushe."

"In na maida shi, sauran kifayen fa? Zai ƙarasa su."

"Sai a fitar da sauran. Su ai ko da kofi ana kama su."

Mai shago ya sosa ƙeya. "Mama, mai faɗan ake cirewa."

"Shi ya sa falona ya zama haka. Kana da wurin da za ka ajiye su a shago?"

Yana da shi. Kyaftin ya sunkuya ya sauke dutsen a hankali inda yake, ya karɓi komar ya juye ta cikin ruwa. Sajan ya shige ƙarƙashi kai tsaye, ya hau fifita ƙwan da fikafikansa, bai ko waiwayi kowa ba. Sauran kifayen kuwa kafin a ce me an kwashe su cikin bokiti, ba wanda ya yi gardama.

Bayan mai shago ya tafi, Kyaftin ya ja kujera gaban gilashin ya zauna, rigarsa a jiƙe. Ruwan bai gama washewa ba. Ya zura hannu yana tsintar rassan da suka zube, yana jera su a kan wani dutse ko wani zai kama. Malama ta kawo tawul ta tsaya a bayansa. Ya ɗauko wani reshe mai tsawon ɗan yatsa, kusan irin guntun da ya fara da shi, ya juya shi a hasken fitila.

"Malama, shekaruna nawa yanzu?"

"Ɗora shi dai," ta ce.